Tafiyar tsufa ce, ko wadda ake kai wa likita?

Hajiya, kin ce Baba ya kai shekara uku yana naushi da shuri cikin barci, da asuba ya ce mafarkin ɓarayi ya yi, yanzu kuma tafiyarsa zuwa masallaci ta yi nauyi. Kina tambaya ko tsufa ne kawai.

Tafiyar tsufa da ciwon gwiwa ba ta ɓuya. Mutum na ɗingishi, yana lallaɓa ƙafar da ke ciwo, yana nishi in zai tashi daga tabarma, in jiki ya ɗumama kuma ta ɗan saki. Hannuwansa biyu na lilo yadda suka saba.

Ɗayar kuwa sau da yawa ba ta zuwa da ciwo. Ki bi bayansa da ido in ya fita la'asar, ranar da bai sa babbar riga ba, don ita tana rufe komai. Hannu ɗaya na lilo, ɗayan ya lafe a jiki. Taku ya gajarce, takalmi na sharar ƙasa. In an kira shi ba ya juyowa gaba ɗaya, sai da ƙananan taku uku ko huɗu. Ki ja shi da hira yana tafiya: mai ciwon gwiwa zai amsa yana ci gaba, wannan kuwa sai ya rage sauri.

Ni barcin ne ya fi tsaya mini a rai. Lokacin mafarki ƙwaƙwalwa kan ɗaure jiki don kada mutum ya aikata abin da yake gani. Dannau ma daga nan yake, an farka ɗaurin bai kwance ba. Na Baba kamar ɗaurin ne ya sassauta. Wani bincike na 2019 ya bibiyi mutum 1,280 masu wannan matsala a cibiyoyi 24, ya gano cewa cikin shekara 12 sama da kashi 70 cikin 100 sun kamu da cutar Parkinson, wato cutar ƙwaƙwalwa mai sa rawar jiki da nauyin tafiya, ko danginta masu kawo mantuwa.

Kada hankalinki ya tashi tukuna, domin minshari mai yanke numfashi da wasu magungunan damuwa suna kwaikwayon wannan. Ki ɗauki bidiyon tafiyarsa a waya, ki tambaye shi ko yana jin ƙanshin turare kamar da, ko bayan gida na masa wuya, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kafin nan a sauke masa katifa ƙasa, Inna kuma ta raba shimfiɗa.