Wasiƙa daga Toronto: a nan ma kwabo ya mutu, amma da lissafi

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya kasuwa, ya jama'ar shago? Ka ce in ba ka labarin ciniki a ƙasar nan, musamman rigimar canji da ke hana ka sakat. To ga abin da idona ya gani.

Mutanen Kanada sun daina amfani da senti ɗaya, wato kwabonsu, wani ɗan jan ƙarfe mai hoton ganyen bishiyar nan da ke jikin tutarsu. A kasafin kuɗin 2012 ministan kuɗi na lokacin, Jim Flaherty, ya ce buga kwabo guda yana cin senti 1.6, ka ga ɗawainiyar ta fi abin daraja. A watan Mayun shekarar aka buga na ƙarshe a birnin Winnipeg, ranar 4 ga Fabrairun 2013 kuma aka daina raba shi ga bankuna. Gwamnati ta ce za ta riƙa tsira da kimanin dala miliyan 11 duk shekara. Ba su ne farau ba, Ostireliya da New Zealand sun riga su da fiye da shekara ashirin.

Yadda suka tsara biyan kuɗi bayan nan shi ne abin da zai fi ba ka sha'awa. Farashin kaya bai canja ba, har gobe za ka ga 2.49 ko 4.99 manne a jikin kanta. Sai an haɗa maka jimillar duk abin da ka ɗauka, an ɗora haraji, sannan a dubi lambar ƙarshe. In ta ƙare da 1 ko 2, a sauko da ita sifili. In 3 ko 4 ce, a kai ta 5. In 6 ko 7 ce, a dawo da ita 5, in kuwa 8 ko 9 ce a cike ta 10. Misali sabulun wanka na 4.99: a jihar Ontario harajin saye kashi 13 cikin ɗari ne, ya zama 5.64, sai ka ba da 5.65. Na 2.49 kuma ya zama 2.81, ka ba da 2.80. Yau an ci naka senti ɗaya, gobe kai ka ci nasu. Wannan duk ga mai biya da kuɗi a hannu ne. Mai kati 5.64 ɗin cif za a cire masa, kuma galibi ba a ɗora masa wani caji irin na masu POS ɗinmu.

Kada ka ɗauka 'yan kasuwar nan waliyyai ne. Burodi da madara da shinkafa ba su da haraji, saboda haka in ka ɗauki burodi ɗaya na 2.99 ka miƙa kuɗi, dala uku ta tafi ke nan. Wannan 99 da suke liƙa wa komai tana yi musu aiki in kaya ɗaya ka saya. Sai kwandon ya cika ne lissafin ke zama na sa'a. Kuma maganar haraji da ba sa rubutawa a jikin kaya har yanzu tana ba ni haushi. A shagonka abin da ka faɗa wa mutum shi zai biya, a nan kuwa sai ka isa gaban mai karɓar kuɗi kake sanin gaskiyar farashi. A gidan abinci kuma ga ladan mai kawo abinci, wanda ba doka ba ne amma kunya ba ta barin ka hana.

Sauran sulallansu suna nan da ransu. Akwai na senti 5, da 10, da 25, sai dala ɗaya mai hoton wani tsuntsun ruwa da suka fito da ita a 1987, da dala biyu mai farar dabbar ƙanƙara ta 1996. Da suka kawo waɗannan biyun sai suka janye na takarda, kowa ya rungumi ƙarfe dole. Ga shi kuma suna da aikin yi: injin wanki na gidan haya da su yake tashi, a wasu kantuna sai ka saka sulai kafin keken zuba kaya ya saku, in ka mayar a ba ka abinka. Direban bas ma ba ya taɓa kuɗi balle ya ba da canji, akwati ne ka jefa daidai kuɗin mota, ko ka ɗora kati.

Mu fa? Tun 1973 da aka kawo naira da kwabo, ban taɓa jin ranar da aka tsaya aka ce daga yau kwabo ya yi ritaya, ga yadda za a riƙa lissafi ba. Tsadar rayuwa ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana binnewa. A 2007 Babban Banki, zamanin Soludo, ya fito da sababbin sulalla na kwabo 50 da naira ɗaya da naira biyu. Ka fi ni sanin inda suka ƙare, ko almajiri ba ya karɓa. A 2012, shekarar da Kanada ke sallamar kwabonta, Sanusi Lamido Sanusi ya kawo shirin mayar da naira 5 da 10 da 20 sulalla tare da buga takardar dubu biyar, jama'a suka yi ca, gwamnatin Jonathan ta dakatar. Ban ga laifin masu tsoron ba, don sun ga duk kuɗin da ya zama ƙarfe a ƙasarmu kabarinsa aka haƙa.

Illar ita ce, da yake babu ƙa'ida, namu cikon kullum sama yake yi, kuma a kan kowane kaya ɗaya ɗaya, ba a kan jimilla ba. Ruwan leda daga biyar sai goma, daga goma sai ashirin, babu tsayawa a tsakani tunda babu kuɗin da za a biya sha biyu ko sha uku da shi. Kuɗin Adaidaita haka, ƙullin gishiri haka. Wanda ke sayen na yau da na gobe kaɗan kaɗan shi ya fi jin jiki, mai sayen buhu ko a jikinsa. Sannan ga “babu canji, ɗauki alawa”, wanda na san kai ma ba da son ranka kake yi ba.

Tunda yanzu rabin masu sayenka tiransifa suke yi, me zai hana ka gwada nasu salon? Ka bar farashin kowane kaya a yadda ya kama, mai tiransifa ya biya daidai, mai kuɗi a hannu kuma a haɗa jimilla a kai ta hamsin mafi kusa, ko sama ko ƙasa. Ka rubuta a kwali ka rataya a ƙofa yadda ba mai cewa an cuce shi. In ka gwada wata guda ka duba littafinka, ina so in ji ko riba ta motsa.

A gaishe da Inna da kyau, a ce mata sanyi ya fara sauƙi. A gaida su Anti da yara.

Naka ƙane.