Komawa BIOS ko cire batirin CMOS: wanne zai tashi laftof ɗin?

Ɗan'uwa, ka ce ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka sauya hanyar tashi daga UEFI zuwa Legacy don laftof ɗinka ta tashi daga filashi, tun daga nan ta ƙi shiga Windows, sai rubutu take nuna maka. Wani ya ce ka koma BIOS ka gyara, wani ya ce ka kwance ta ka cire batirin CMOS, ƙaramin batirin da ke riƙe saitin BIOS da agogo, kana tambayar wanne ya fi. Abin da sikirin ke nuna maka idan ka kunna shi zai raba gardamar.

In tambarin kamfanin yana fitowa, sannan rubutu irin "No bootable device" ya biyo baya, to ajiye sukudireba, lafiyarta ƙalau. UEFI da Legacy ba wuri ɗaya suke neman Windows ba. UEFI yana duba wani ɗan yanki da aka ware a faifan ajiya mai tsarin GPT, inda Windows Boot Manager, mai tayar da Windows, yake. Legacy kuwa farkon faifan yake leƙawa, yana neman MBR, bayanin tashi na tsohon tsari, a bayit 512 na farko. Yawancin laftof da suka fito tun zuwan Windows 8 a 2012 a kan UEFI aka girka musu Windows, ita Windows 11 ma shi ta shardanta. Ka ga kenan ka aike ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan da babu kowa. Fayilolinka suna nan, ba abin da ya taɓa su.

Komawa BIOS aikin minti biyu ne. Kashe ta, kunna, ka yi ta latsa maɓallin shiga tun kafin tambari ya ɓace: F2 a Dell, Acer da Asus, F1 a ThinkPad, a HP kuma Esc sannan F10. Wasu Lenovo ɗin suna da ɗan maɓallin Novo a gefe, da tsinke ake danna shi tana kashe. Ka mayar da abin da ka taɓa yadda ka same shi, ka tabbata Windows Boot Manager ne a sahun farko, ka adana ka fita. Amfaninsa shi ne abu ɗaya tak ka gyara, kuma ka san mene ne.

A cikin BIOS ɗin akwai zaɓin mayar da komai yadda kamfani ya saita, F9 a na'urori da yawa. Yana ceto in ka manta abin da ka canza, amma ni ban cika fara kai hannu can ba. Dell da dama suna zuwa da faifai a kan RAID, ɗaya daga cikin hanyoyin da BIOS ke mu'amala da faifan, wata hanyar kuma ita ce AHCI. In wanda ya girka maka Windows ya maida shi AHCI tukuna, F9 zai mayar da shi RAID, sai ka fita daga wata matsala ka faɗa shuɗin sikirin mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Maganin dai bai wuce ka koma ka sauya wannan layin ba, sai dai kafin ka gane hankalinka ya tashi. Kafin ka danna komai, ɗauki hoton kowane shafi da waya.

Cire batirin CMOS kuwa kurman magani ne, ba ya tambayar me ka canza. Batiri ne kamar kwabo, galibi CR2032 mai bolt 3, a laftof sau da yawa an naɗe shi a leda da siraran wayoyi biyu zuwa madabod. Kafin ka kai gare shi sai ka cire caja, ka kwance murfin ƙasa, ka zare babban batiri, wani lokacin ma yana ƙarƙashin kibod. Iyakar abin da za ka samu bayan wannan wahala shi ne abin da F9 zai ba ka, har da tarkon RAID ɗin, ga agogo da kwanan wata sun rikice. Kuma ba kullum yake aiki ba. Sababbin laftof da yawa suna ajiye saitinsu a ma'adanar da ba ta buƙatar wuta, wasu siraran ma ba su da wannan batirin sam. Masu cire shi don goge kalmar sirrin BIOS ma, a yawancin na zamani ba ta goguwa haka.

Ranar cire batirin ita ce lokacin da sikirin ya yi baƙi ƙirin, fanka na juyawa, ba tambari, F2 ba ya amsawa. Nan babu BIOS ɗin da za ka koma ciki. Ko a nan ma kada ka yi garaje. Cire caja da duk abin da ke maƙale, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, ka sake gwadawa. HP da yawa suna goge CMOS in ka riƙe maɓallin Windows da V sannan ka kunna. In duk wannan bai yi ba, sai a kwance, kuma in garantinta bai ƙare ba ka bar wa kamfanin.

Duk hanyar da ka bi, BitLocker, makullin da Windows ke sa wa faifai, na iya tare ka ya nemi lambobi 48, musamman in an taɓa Secure Boot, wani saitin tsaro a BIOS. Ba lalacewa ba ce. Yawanci lambobin suna cikin asusunka na Microsoft, da waya ma za ka duba. Abin da ba a taɓawa shi ne "Clear TPM", zaɓin da ke goge mabuɗin BitLocker da aka ajiye a na'urar, alhali ba ka riƙe da lambobin, don shi kam zai iya raba ka da fayilolinka. Wanda kuma ya ce maka a sake girka Windows a wannan matakin, ka yi masa godiya kawai.

Tunda ka ce rubutu kake gani, taka ta BIOS ce. Filashin da ya jawo maganar ma bai buƙaci Legacy ba: sake haɗa shi da manhajar Rufus ka zaɓi GPT, sannan lokacin kunnawa ka latsa F12 a Dell ko F9 a HP ka zaɓe shi a jerin da zai fito.