Poirot, Marple ko Morse: wanne zaka fara saya in kuɗinka na guda ɗaya ne?

Tun bayan ƙaramar sallah ƙanina yake damuna, wai Yaya wanne zan fara nema cikin finafinan binciken kisan kai na turawan Ingila ɗinnan da kake ta kallo, kullum sai ince masa bari mu zauna, zaman kuma bai taɓa yiwuwa ba, to gara in rubuta kawai shi da masu irin tambayarsa su huta nima in huta.

Da farko dai ka cire ranka da harbe-harbe da tseren mota irin na finafinan Amurka. Waɗannan daga tsofaffin littattafai aka ɗauko su, yawanci gawa ɗaya ce za'a tsinta a wani katafaren gidan attajiri a ƙauye, mutum bakwai ko takwas a gidan kowa da dalilin da zai sa ya so mutuwar mamacin, ga rigimar gado ga wasiyyar da aka canza daren jiya ga guba a kofin shayi, kai kuma aikinka ka rigayi mai binciken gano wanda yayi. Inda mai saye yake faɗawa rami shine littafi ɗaya sai a maida shi fim sau biyu ko uku, tashoshi daban, 'yan wasa daban, wani lokacin ma har wanda yayi kisan daban. Saboda haka ganin sunan Agatha Christie, marubuciyar da ta ƙirƙiro Poirot da Marple, ɓaro-ɓaro a jikin kwali bai isa ba, ka juya bayan kwalin ka duba sunan ɗan wasa da shekara, nan maganar take.

Bari in fara da Poirot, mai bincike mai zaman kansa, tunda shine babban kaya. Tashar ITV ce tayi shi daga 1989 har 2013, zango 13, kashi 70, kuma duk tsawon shekarun nan mutum ɗaya ne ya hau rol ɗin, David Suchet. Wlh mutumin nan ya shiga rigar Poirot har ta zama fatarsa, 'yar tafiyar nan ta sanɗa-sanɗa, gashin bakin da ake gyarawa kamar za'a kai shi gasa, tsabar tsafta da son komai ya zauna daidai, da yadda ransa yake ɓaci in ance masa Bafaranshe alhali shi ɗan Beljiyam ne. Amma abinda masu sayarwa basa gaya maka, kamar fim biyu ne a kwali ɗaya. Zangunan farko mafi yawansu gajerun labarai ne, kashi ɗaya wajen minti 50, akwai raha sosai, ga Kyaftin Hastings abokinsa mai kirki amma kullum a baya ake barinsa wajen ganewa, ga Sifeto Japp, ga sakatariyarsa Miss Lemon da akwatunan fayil ɗinta, ga Landan ta shekarun 1930 an ƙawata ta kamar ka shiga. Daga 2003 kuwa sai salon ya juya, dama tun zango na shida kowane kashi ya riga ya koma kamar cikakken fim na awa ɗaya da rabi ko fiye, waɗancan abokan uku suka ɓace sai a zangon ƙarshe aka sake ganinsu, rahar ta ragu, Poirot ya tsufa ya zama mai yawan shiru da jan carbinsa na 'yan Katolika. Murder on the Orient Express nasu na 2010 har nauyi zakaji a ƙirjinka in ya ƙare. Ni na farkon nafi komawa in na gaji, amma in za'a tambayeni kashi ɗaya da yafi kowanne tsaruwa, Five Little Pigs na 2003 zance, kuma a na bayan yake.

Wajen saye ka kula da kalmar cikakke da suke rubutawa. Akwai kwalayen da aka buga kafin 2013, a lokacin su ɗin cikakku ne amma yanzu babu zango na 13 a ciki, har yau kuma suna yawo a hannun masu sayar da na hannu. Ka ƙirga, in babu Curtain a jerin to ba 70 bane. Kuma don Allah in ka samu kar ka fara da Curtain ɗin, shine binciken Poirot na ƙarshe, wanda ya fara dashi ya cuci kansa.

Sai Miss Marple, kuma anan ne mutane sukafi yin sayen da-na-sani saboda guda biyu ne a kasuwa. Ita Marple tsohuwa ce 'yar ƙauyen St Mary Mead da bata taɓa aure ba, tana zaune da saƙarta kowa na raina ta, irin tsohuwar unguwar nan da bata fita amma babu asirin gidan da bata sani ba, duk wanda ta gani sai tace ai yana tuna mata da wane ɗan gidan wance da yayi kaza, da haka take kamo mai laifi 'yan sanda na can suna zare ido. Na BBC, Joan Hickson ce tayi daga 1984 zuwa 1992, ta fara tana da shekara 78, kuma littattafan Marple 12 da Christie ta rubuta duka sukayi, daga The Body in the Library zuwa The Mirror Crack'd from Side to Side. A hankali yake tafiya, hoton ma ya ɗan kwana biyu, amma idon matar nan kaɗai ya isa kuɗinka, tana maka magana a sanyaye kana jin ta riga ta gama karanta ka.

Na ITV kuwa daga 2004 zuwa 2013 ne, Geraldine McEwan tayi kashi 12 sannan Julia McKenzie ta karɓa tayi 11, jimla 23. To kai da kanka yi lissafi, littafi 12 ya akayi ya haifi kashi 23? Littattafan da babu Marple a ciki sam suka ɗauko irinsu Towards Zero da The Sittaford Mystery da Ordeal by Innocence suka cusa ta ciki, wasu wuraren kuma suka taɓa labarin har da canza waɗanda sukayi kisan, tun daga kashin farko ma. Ba zance bashi da daɗi ba, kala ta fito, sutura ta burge, sanannun fuskoki sun cika shi, wanda bai karanta littafin ba kuma baida niyya zai sha kallo lafiya lau. Amma in ka karanta, hawan jini kawai zaka saya da kuɗinka. Ni Hickson, ba ma sai an tambayeni sau biyu ba.

Akwai kuma na baya-bayan nan da BBC tayi wanda Sarah Phelps ta rubuta, gajeru ne kashi biyu ko uku an gama. And Then There Were None na 2015 shine gwani a cikinsu, mutum goma a wani tsibiri babu hanyar fita ana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, babu wani mai bincike da zai zo ceto, Charles Dance na ciki da Sam Neill, kashi uku ne zaka iya cinye shi a dare ɗaya in NEPA ta yarda. Sauran kuma sai a hankali. Ordeal by Innocence nata na 2018 ta canza mai kisan, The ABC Murders na wannan shekarar dai John Malkovich ne Poirot ɗin, wani tsoho mai ƙunci da duniya ta juya wa baya, babu alamar ɗan gayun da muka sani. Kaga abinda nake faɗa kenan, The ABC Murders akwai na Suchet na 1992 akwai wannan, suna ɗaya amma ko hanya basu haɗa ba. Sannan waɗannan na Phelps ba na falo bane da yara ko a gaban su Hajiya, akwai ashar, akwai jini, akwai wuraren da zaka rasa inda zaka sa fuskarka kana lalubar rimot. Poirot na farko-farko da Marple ta Hickson su ne zaka kunna hankalinka kwance.

Sherlock Holmes ba kullum kisan kai yake bincike ba, wani lokacin sata ce ko ɓatan mutum, amma ba'a wannan hirar a tsallake shi. Wanda ake nema shine na kamfanin Granada da Jeremy Brett, 1984 zuwa 1994, kashi 41. Labarai 60 marubucin Holmes Conan Doyle ya rubuta, masu fim ɗin basu samu kammalawa ba, Brett ya rasu a 1995 kuma a kashin ƙarshe-ƙarshe rashin lafiyar ta nuna a jikinsa ƙarara, har tausayi zai baka. In ba cikakken zaka saya ba nemi zangunan farko, The Adventures da The Return, nan yake da ƙarfinsa, yana tsalle yana kwanciya a ƙasa yana shinshina sawu. Kar ka ruɗe in kaga Dakta Watson abokin Holmes ya canza fuska, David Burke ne a farko sannan Edward Hardwicke ya gaje shi. Shi kuwa Sherlock na Benedict Cumberbatch da aka fara a 2010 wani abu ne daban, an dawo da labarin Landan ta yau da wayar hannu da intanet, kashi 13 ne kacal, turancin kuma gudu yake kamar ana koro shi.

Inspector Morse na masu haƙuri ne. ITV, 1987 zuwa 2000, kashi 33 kowanne ya haura awa ɗaya da rabi, a garin Oxford tsakanin malaman jami'a masu ji da kansu. John Thaw ne Morse, sifeto mai saurin fushi da jar Jaguar ɗinsa, ga son kiɗan opera ga yawan zama a mashaya, wannan ma ka sani tun yanzu. Abinda yake burgeni dashi sau da yawa yana kuskure, sai ya kafe akan mutumin da ba shi bane, Sajan Lewis da yake rainawa shine zai tsinto zaren. Colin Dexter marubucin Morse littafi 13 ya rubuta, kenan fiye da rabin kashin don talabijin aka ƙirƙire su, amma basu da rauni. Endeavour da ya biyo baya daga 2012, labarin ƙuruciyar Morse, yana da kyau sai dai ba daga littafi yake ba. Midsomer Murders kuma tun 1997 ake yinsa, na farko-farkon ne kawai daga littattafan Caroline Graham, ya wuce kashi ɗari tuni, kar ka ce sai ka mallaki duka, ɗauki zangunan farko na ɗan wasa John Nettles ka tsaya.

Yanzu maganar da tafi cin kuɗin mutane a banza, faifan kansa. Ni na taɓa yin odar kwali guda ta hannun wani, na jira sati shida, ya iso na saka na'ura ta tofo min shi, ashe bugun Amurka ne. DVD an raba duniya shiyya-shiyya, Amurka lamba 1, Ingila da Turai lamba 2, mu nan Najeriya da Nijar muna lamba 5. Wasu na'urorin da ake sayarwa a kasuwanninmu suna cin kowanne, wasu kuma basa ci, to gwada taka da faifan aro kafin ka tura kuɗi. Kwamfuta ma ba mafita bace sosai, sau biyar kawai take yarda ka canza mata shiyya daga nan ta kulle akan ta ƙarshe. Blu-ray yafi sauƙi ta wannan ɓangaren, Turai da Afirka duk shiyyar B muke, bugun Ingila zai yi maka, na Amurka ne A.

Sannan ka tabbatar akwai rubutun magana a ƙasan hoto, sabtaitil ɗinnan. Ba raini bane, turancin ƙauyen Ingila da na masu aikin gida a finafinan nan ko wanda yayi digiri sai ya kasa kunne, Poirot kuma yana jefa faransanci a tsakiya, alhali a irin wannan labarin kalma ɗaya da kuyanga ta faɗa a minti na goma itace mabuɗin komai. Wasu tsofaffin bugun basu dashi, a bayan kwali ake rubutawa. In kuma ka kunna Hickson ko Brett ko Morse kaga baƙi a gefen dama da hagu na allo, ba lalacewa yayi ba, da fasalin tsohuwar talabijin aka ɗauke su, kar ka miƙe hoton da rimot kowa ya koma gajere mai faɗi. Masu cewa ai sai a kalla ta intanet, BBC iPlayer da ITVX na mazauna Birtaniya ne, sauran manhajojin kuma yau fim na nan gobe sun cire, ga kashi 70 ba ƙaramar data zai sha ba. Na masu turawa a waya ko filash kuwa, ka duba da kyau kafin ka biya, sau tari kashi ya ɓata a tsakiya ko an haɗa maka Marple biyu a jaka ɗaya.

To in kuɗin na guda ɗaya ne kuma da iyali za'a kalla, cikakken Poirot na Suchet, zai kai ku wata da watanni. In kuɗin bai kai nan ba, Marple ta Hickson, labari 12 babu na yarwa. Wanda kuma yake so ya ɗanɗana ne kawai yaga ko harkar zata karɓe shi, And Then There Were None, shi kaɗai bayan yara sun kwanta. Shi dai ƙanina na san ƙarshen zancen, ba saya zai yi ba aro zai zo, Poirot zango na ɗaya zan iya bashi, amma Hickson ɗina ko ƙofar falo bata tsallakawa.