Bindiga mai baki biyu: bokislok ko saidlok?

Bokislok da saidlok tsari biyu ne na haɗa kayan aikin harbi a irin wannan bindiga. Don bambance su, duba gefen ƙarfen da ke tsakanin bututu da ƙota. Idan gajere ne kamar akwati, bokislok ce, wadda Anson da Deeley suka ƙirƙiro a kamfanin Westley Richards na Birmingham a 1875. Kunama da sifirin duk suna cikin akwatin, sassanta kaɗan ne, gyaranta ba wuya.

Saidlok kuwa tana da dogon faranti a kowane gefe, wanda ya shige cikin katako, kuma a bayansa aka ɗaura kayan aikin. Ita ce tsarin manyan bindigogin kamfanonin Purdey da Holland & Holland na Landan, ta kuma fi tsada saboda aikin hannu da faɗin wurin zane. Sai dai an rarake katako da yawa don farantin ya zauna, shi ya sa ƙota kan tsage daidai bayansa. In kana duba saidlok, haska wurin da kyau, tsaga ƙarama tana karya daraja sosai.

A kula, ana yi wa wasu bokislok farantin ado, sai su yi kama da saidlok. Farantin saidlok na gaske yawanci yana nuna kawunan ƙusoshin da ke riƙe da sassan ciki. Don aikin yau da kullum, bokislok mai lafiya ta fi saidlok da ta gaji.