GParted: Manhajar da ta raba min faifan kwamfuta gida biyu

Wata uku ke nan Windows da Linux Mint, tsaruka biyu masu tafiyar da kwamfuta, suna zaman kishiyoyi a kwamfutata, kuma GParted ce ta raba musu ɗaki. Kyauta ake samun ta. Na sa ta a filashi na tada kwamfutar daga nan, domin ba a rage ɓangaren faifan da ake aiki a kansa a lokacin.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta gaggawa. Tana nuna maka faifan kamar doguwar sanda mai launi-launi, ka ja gefen ɓangaren Windows da linzami ka rage shi, amma ba ta taɓa komai ba tukuna. Jera umarninka take yi a ƙasa, sai ka danna alamar amincewa kafin ta fara. Sau biyu na soke na sake lissafi. Faifan nawa gigabait 512 ne. Na bar wa Windows 300 a NTFS, tsarinta na ajiye fayiloli, ragowar na mayar ext4, tsarin da Linux ke amfani da shi.

Da farko ma ƙin taɓa ɓangaren Windows ta yi, sai wata alamar gargaɗi kusa da sunansa. Na yi ta mita, ashe laifina ne: ban kashe Fast Startup ba, wanda ke sa Windows ta yi barci maimakon ta mutu gaba ɗaya. Da ta biye min, da wataƙila fayilolina sun tafi. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, ya fara warware wannan tukuna.

Inda ta gaza kuwa, ba ta yi wa sabon shiga bayani. Babu C: babu D:, sai sunaye irin su nvme0n1p3, sai ka duba girma da tsarin fayiloli kafin ka gane wanne ne wanne. Akwai wani ɗan ƙaramin ɓangare mai tsarin ajiye fayiloli na FAT32, megabait 100 kacal, wanda na ɗauka tarkace ne har na kai linzami kansa. EFI ne, daga nan tsarukan biyu ke tashi. Allah Ya kiyaye.

Ragewar ta ɗauki kusan minti 20, caja a jone, ban ko motsa teburin ba. Da na koma Windows, sai da ta binciki faifan sau ɗaya kafin ta buɗe.

Zan sake amfani da ita, amma sai na kwashe fayilolina zuwa wani faifan daban kamar yadda na yi wannan karon.