Wane maganin ciyawa ne ke kashe sabara da tumfafiya har saiwa?

Duk mai kangon fili a bayan gida a nan Zariya ya san cewa sabara da kargo da tumfafiya da 'ya'yan dogonyaro ba sa jin adda, domin kana sare su yau, bayan ruwa biyu sun sake toho fiye da da, su zama maɓoyar macizai. Saboda haka tambayar da ya kamata mai saye ya yi ita ce, shin maganin yana sauka cikin saiwa ko a ganye yake tsayawa?

A cikin magungunan ciyawa, mai sinadarin paraquat ganye kawai yake ƙonewa, ga shi guba ce da ba ta da makari, don haka bai dace da gidan da yara suke ba. Shi kuwa 2,4-D yana da kyau ga tafasa da sauran masu faɗin ganye, amma tsohon kututture ya fi ƙarfinsa. Triclopyr don itace aka yi shi, sai dai ba kowane shago ke ajiye shi ba.

Ni glyphosate nake saye domin yana sauka har saiwa, mai ƙarfin giram 360 a kowace lita, kuma ba fesa shi nake yi ba. Nakan sare itacen kusa da ƙasa, in haɗa maganin da ruwa mai tsabta rabi da rabi, sannan in shafa a kan kututturen da buroshi nan take, kafin bakin saran ya bushe. Ruwa mai laka yana rage masa ƙarfi. Lokacin da ya fi ci shi ne ƙarshen damina, daga Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da itace ke tura abincinsa zuwa saiwa. A sa safar hannu, a tsare awaki, kuma kada a shafa wa tohon da ya fito daga saiwar bishiyar da ake so, domin yana iya kai wa uwar.

Babbar matsalar dai jabu ce. Na taɓa sayen kwalba a wajen wani mai shago da ya yi mini ragi mai daɗi, na yini ina sara ina shafawa, bayan mako uku sabarar ta tsiro kamar taki na zuba mata. Ashe tsohuwar kwalba ce aka cika da ruwa mai launi. Tun daga nan, ko a Samaru ko a Sabon Gari, sai na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, na tabbata hatimin murfin bai taɓu ba, kuma rubutun takardar bai dushe ko ya karkace ba. Sunayen kamfani suna da yawa, saboda haka sunan sinadarin da ke ƙasa da ƙananan haruffa nake karantawa. Wanda ake aunawa a robar ruwa kuwa, ko kyauta aka ba ni ba na karɓa.