Bindigar toka ko mai harsashin kanti?

Samarin maharba a nan Yauri sun dame ni da tambayar wadda za su riƙe.

Mu fara da shuri. Bindigar toka kai ke ɗura ta, don haka dukan da kafaɗarka za ta sha daga hannunka yake fitowa. Ka cika albarushi, ta shure ka. Na ga maharbin da ya kwana uku bai ɗaga hannu ba, kafaɗa ta yi baƙi ƙirin, don kawai ya ƙara ɗuri yana son ya kai nesa. Abin da ya fi tsorata ni ma shi ne bututun, domin na maƙera yakan tsage ya tafi da yatsu. Mai harsashin kanti lamba 12, wato lambar faɗin bututunta, ita ma tana duka, musamman mai baki ɗaya mara nauyi, amma dukan yau shi ne na gobe, jiki yana sabawa.

Kuɗi kuwa, toka ta fi arha nesa ba kusa ba. Sai dai da damina albarushi kan ja danshi ya ƙi tashi, kuma kafin ka sake ɗuri zabo ya yi gaba.

Kada a manta da takarda. A dokar makamai ta 1959, lasisin ta toka na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, ɗayar kuma sai daga Sufeto Janar.

Wanda ya koyi ɗuri a hannun dattijo, yana tsaron gonarsa daga birai, toka ta ishe shi. Sabon hannu mai halin saye da haƙurin bin lasisi, mai harsashin kanti ta fi masa aminci.